Yadda farar ƙwayar jini ke gane gabanta da bayanta

Tambaya: Malam, ina karatun garkuwar jiki. Na haddace cewa Rac da Rho da Cdc42 ne ke sarrafa ƙwarangwal ɗin cikin ƙwaya, amma har yanzu ban gane yadda saƙo daga waje yake zama motsi ba. Sannan me ya haɗa furotin WASP da zubar jini da ciwon fata a jikin yara maza?

Amsa: Haddar sunayen ba za ta warware maka ba, domin Rac da Rho da Cdc42 suna nan a ko'ina cikin ƙwayar, ko tana tafiya ko tana kwance. Abin da ke haifar da motsi shi ne a wane gefe aka kunna kowanne, da daƙiƙa nawa ya yi kafin a kashe shi. In ka riƙe waɗannan biyun, wuri da lokaci, sauran bayanin zai zauna maka.

Mu fara da kayan ginin. Sunan ƙwarangwal yana ruɗarwa, don ba ƙashi ba ne da ke tsaye wuri ɗaya. Babban sashensa a farar ƙwayar jini shi ne aktin, ɗan furotin mai nauyin kilodalton 42, wanda ke jeruwa ya zama zare mai kaurin nanomita 7, siffarsa kamar igiya mai tufka biyu. Zaren yana da baki biyu da ba su yi kama ba: ɗaya yana karɓar sabon aktin da sauri, ɗayan kuma can ne aka fi zubarwa. Tufka da warwara ke nan a zahiri, sai dai a nan ita ce aikin: ana tufkawa a gaba, ana warwarewa a baya, kayan da aka warware su koma gaba. A nutrofil, wato farar ƙwayar jinin da ke farautar bakteriya, idan yana hutawa, aktin mai yawa yana zaune ɗai-ɗai, wasu furotin masu suna furofilin da taimosin suna riƙe da shi. Ko an sake shi ma, ba ya iya fara sabon zare da kansa cikin sauƙi, saboda haɗuwar guda biyu ko uku ba ta da ƙwari, nan take take wargajewa. Wannan wahalar farawa ita ce linzamin da ƙwaya ta riƙe. Duk wanda ya iya fara zare a wani wuri, shi ya yanke inda ƙwayar za ta tura fatarta.

Masu fara zare iri biyu ne manya. Arp2/3 tarin furotin bakwai ne da ke mannewa a gefen tsohon zare ya fitar da reshe a kusurwar digiri 70. Reshe a kan reshe sai ya zama raga mai faɗi da ke tura fatar ƙwaya gaba kamar faifai. Formin kuwa yana zama a bakin zare yana ƙara masa tsawo a miƙe, babu reshe. Mai warwarewa shi ne kofilin, wanda ke tsinka tsofaffin zare da taimakon WDR1. Mai jan igiya shi ne mayosin na biyu.

Yanzu makunnan. Rac da RhoA da Cdc42 ƙananan furotin ne da ke a kunne idan suna riƙe da GTP, ƙaramin sinadari mai ɗauke da makamashi, a kashe idan suna riƙe da GDP, wato abin da ya rage bayan an ƙone GTP. Anne Ridley da Alan Hall ne suka nuna a Landan a 1992 cewa Rho yana haifar da zaren ja, Rac yana haifar da faifan gaba, sannan a 1995 Catherine Nobes da Hall suka nuna Cdc42 yana fitar da siraran tsinke. Su kansu makunnan ba su da dabara. Masu dabarar su ne GEF, wanda ke cire GDP don GTP ya shiga, da GAP, wanda ke hanzarta ƙone GTP ya kashe makunnin, da GDI, wanda ke ɗauke shi daga fatar ƙwaya ya ajiye a ciki. Dangin Rho a jikin mutum kusan 20 ne, amma GEF kusan 80 ne, GAP fiye da 60. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna maka inda hikimar take: kowane GEF yana da abin da ke kiransa zuwa wani takamaiman wuri, don haka Rac guda ɗaya zai iya aikin tafiya, da na haɗiye bakteriya, da na fitar da guba mai kashe ta, gwargwadon wanda ya kunna shi da inda aka kunna.

Ga yadda abin ke gudana a nutrofil, mataki-mataki. Bakteriya tana zubar da guntayen furotin irin fMLF, naman da ya kumbura kuma yana fitar da sinadaran kira irin CXCL8 da C5a da LTB4. Waɗannan suna kama masu karɓar saƙo a fatar nutrofil, waɗanda ke haɗe da furotin Gi. Gi ya rabe biyu, ɓangaren beta-gama ya kunna PI3K-gama, shi kuma ya ƙara fosfet a kan wani kitse na fatar, PIP2 ya zama PIP3. PIP3 alama ce a jikin fata, tana kiran GEF irin su P-Rex1 da DOCK2, su kunna Rac. Rac ya buɗe tarin WAVE2, WAVE2 ya kunna Arp2/3, raga ta fara tsirowa. Muhimmin abu shi ne zagayen yana ciyar da kansa: Rac da sabon aktin suna ƙara yawan PIP3 a wurin, PIP3 ya ƙara kiran GEF. Shi ya sa ɗan bambanci ke zama babba. Sally Zigmond ta nuna a 1977 cewa nutrofil yana iya gane bambancin kusan kashi 1 cikin 100 na yawan sinadari tsakanin gefensa ɗaya da ɗayan, alhali faɗinsa duka bai fi maikromita 10 ba.

Wannan mai karɓar saƙon dai shi ne ke kunna baya, ta wata hanya daban. G12 da G13 suna kunna GEF na RhoA, RhoA ya kunna ROCK, ROCK ya sa fosfet a kan ƙaramar sarƙar mayosin kuma ya danne furotin da ke cire fosfet ɗin. Sai mayosin ya matse. Ɗakin binciken Henry Bourne a San Faransisko ya bayyana wannan a 2003: shirin gaba da shirin baya suna tashi tare, amma ba sa iya zama wuri ɗaya, kowanne yana korar ɗan'uwansa, har su rabu zuwa ƙarshe biyu. Akwai kuma abin da ba sinadari ba. Idan gaba ya miƙe, fatar ƙwaya gaba ɗaya tana ɗamewa, wannan ɗamewar ce ke hana wani gaban na biyu tsirowa a wani gefe. Da haka nutrofil ke tafiyar maikromita 10 zuwa 20 a minti.

Kana iya ganin rabon aikin da idonka. Sa Y-27632, mai danne ROCK: gaba yana tafiya, baya ya kasa ɗagowa, ƙwayar ta ja doguwar wutsiya, wani lokaci ta fitar da gaba biyu ko uku. Sa CK-666, mai danne Arp2/3: faifan gaba ya ɓace, sai tsinke da kumburin fata. Jiki ma yana nuna misali. Gubar bakteriyar tarin shiƙa tana toshe Gi, limfosait, wato fararen ƙwayoyin jini irin T da B, su kasa jin kiran fita daga jini zuwa kaluluwa, shi ya sa ake ganin adadinsu ya hau sama sosai a gwajin jinin yaro mai wannan tarin.

Kafin nutrofil ya shiga nama, sai ya tsaya a bangon jijiya. Saƙon kemokain, wato sinadarin kira irin CXCL8, yana kunna Rap1, wanda ke kawo talin da kindilin-3 daga ciki zuwa wutsiyar intigirin, furotin mannewa da ke fatar ƙwaya, intigirin ɗin ya miƙe ya kama ICAM-1 na bangon jijiyar. Talin ne ke ɗaure intigirin da aktin, jan aktin kuma yana ƙara wa riƙon ƙarfi. Jaririn da aka haifa babu CD18, wato rabin wannan intigirin, cibiyarsa ba ta faɗuwa har ta wuce wata guda, miki ya ƙi yin mugunya, nutrofil kuma su cika jini saboda sun kasa fita. Kusan irin wannan hoton aka gani a 2000 a jaririn da ke da canjin gado D57N a Rac2, irin Rac na ƙwayoyin jini, inda gurɓataccen Rac2 ke riƙe GEF ya hana mai lafiyar samu. Amma a lura: da zarar ƙwayar ta shiga cikin nama, ba lallai ta buƙaci mannewa ba. A 2008 Tim Lämmermann da Michael Sixt sun nuna ƙwayoyin dendirit, wasu ƙwayoyin garkuwa, da aka cire wa intigirin duka suna tafiya lafiya cikin nama, turin aktin yana kai gaba, mayosin yana matse nukiliyas ta ƙananan kafofi.

Yanzu WASP. Nan ɗalibai suka fi kuskure, suna ɗauka shi ke gina faifan gaba. Wannan mafi yawa aikin WAVE2 ne. WASP shi ma yana kunna Arp2/3, amma a ƙananan wurare masu buƙatar ƙarfi a dunƙule: ƙafafun da makrofej, babbar ƙwaya mai haɗiye bakteriya, ke tokare ƙasa da su, kofin da ke rufe bakteriya lokacin haɗiya, da mahaɗar ƙwayar T da abokiyarta, wato ƙwayar da take ganawa da ita. A ƙwayoyin jini kaɗai ake samunsa, sauran jiki ɗan'uwansa N-WASP yake amfani da shi.

Furotin ne mai amino asid 502, kuma tsarinsa ya cancanci a tsaya a kai. A farkonsa akwai sashen WH1 da ke riƙe wani furotin mai suna WIP. In babu WIP, ƙwaya tana narkar da WASP. Sai sashe mai kama PIP2, sai GBD mai kama Cdc42, sai wani yanki mai yawan furolin inda Nck ke kamawa, sai VCA a ƙarshe, wanda shi ne ke ɗauko aktin ya miƙa wa Arp2/3. A lokacin hutu furotin ɗin a naɗe yake, GBD yana rungume da VCA. Idan Cdc42 mai GTP ya kama GBD, PIP2 kuma ya kama makwabcinsa, naɗin ya buɗe. Fosfet a kan tairosin 291 yana sa ya daɗe a buɗe. Ka ga ke nan saƙo ɗaya bai isa ba, sai biyu ko uku sun haɗu a wuri guda. Wannan ne ke hana aktin tsirowa barkatai.

Cutar rashinsa, Alfred Wiskott ne ya fara bayyana ta a 1937 a Munik ta Jamus, a jikin 'yan'uwa maza uku, Robert Aldrich kuma ya nuna a 1954 cewa ta hanyar uwa take bin 'ya'ya maza. An gano ƙwayar gadon a 1994, a kan kuromosom X, shi ya sa kusan maza kaɗai take kamawa. Zubar jinin daga filatilet ne, ƙwayoyin da ke toshe rauni: ba su da yawa, kuma ƙanana ne, saifa tana kwashe su da wuri. Girman na mai lafiya femtolita 7 zuwa 11 ne, na mai wannan cuta sau da yawa kusan 4 zuwa 5. Ciwon fatar da hare-haren da jiki ke kai wa kansa suna da alaƙa da raunin ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda aikinsu shi ne kwantar da garkuwa. Idan suka yi rauni IgE, furotin garkuwa mai haddasa borin jini, yana hawa, fata ta bushe tana ƙaiƙayi. Yawan kamuwa da cuta kuma daga raunin mahaɗar T da B da na makrofej ne. Canje-canje masu sauƙi, galibi a WH1 inda WIP ke kamawa, suna rage yawan WASP ne kawai, sai a ga matsalar filatilet kusan ita kaɗai.

Wannan yana da amfani a asibiti. Yaro namiji mai zubar jini bayan kaciya ko gudawa da jini, ga busasshiyar fata mai ƙaiƙayi, ga ciwon kunne a kai a kai, ga tarihin 'yan'uwan uwa maza da suka rasu suna ƙanana, kada a tsaya a kan zazzaɓin cizon sauro don an ga filatilet sun yi ƙasa. A duba girmansu a kan gilashi, domin na'urar ƙirga takan tsallake ƙananan. A cutar da garkuwa ke cinye filatilet, waɗanda suka rage manya ne. A nan ƙanana ne. A guji asfirin. Dashen ɓargo yana warkar da ita, tun 1968 aka fara yi.

Abin da ya fi koyarwa shi ne kishiyar cutar. A 2001 aka bayyana wani dangi mai canjin L270P a cikin GBD, wanda ke hana WASP naɗewa, yana nan a buɗe kullum. Da ƙarfin aktin ne kawai ake nema, da waɗannan sun fi kowa garkuwa. Sai ga shi nutrofil ɗinsu sun yi ƙaranci matuƙa, domin aktin ya cika cikin ƙwayar a inda ba a buƙata, iyayen ƙwayoyin a ɓargo su kasa rabuwa daidai, su mutu. Haka rashin WDR1 yake: aktin yana da yawa, warwara ta tsaya, nutrofil ya kasa tafiya. A ganina duk wanda ke koyar da wannan darasi ya kamata ya ba kashewa lokaci daidai da kunnawa, don rabin aikin a can yake.

Haɗiye bakteriya ma haka ne. Mai karɓar wutsiyar antibodi yana kunna Syk, Syk ya kawo GEF, Cdc42 da Rac su gina kofi a kewayen abin. Amma idan abin babba ne, kofin ba zai rufe ba sai PIP3 ya kira GAP sun kashe makunnan a gindin kofin, aktin na wurin ya warware. Danne PI3K, za ka ga makrofej ya rungumi abin har rabi ya tsaya.

Ƙwayar T mai kisa ta fi kowa nuna wannan. Idan ta gane abin harinta, Lck ya kunna ZAP-70, shi kuma ya sa fosfet a kan LAT da SLP-76, waɗanda ke tara Vav1 da Nck, su kawo WAVE2 da WASP. Ƙwayar ta baje a kan abokiyar, aktin ya yi zobe a gefe yana kwarara zuwa tsakiya, yana jan tarin masu karɓar saƙo tare da shi. Abraham Kupfer ya nuna wannan tsarin zobe-zobe a 1998. Sannan tsakiyar ta yi shara-shara. Maikrotubul bututai ne da ke zama hanyar kaya a cikin ƙwaya. Cibiyarsu, wadda a lokacin tafiya take bayan nukiliyas, sai dainin, furotin mai jan kaya a kan maikrotubul, ya jawo ta har ta taɓa fatar mahaɗar, taɓawar da ɗakin binciken Gillian Griffiths ya nuna a 2006. Buhunan fafforin da giranzaim, wato gubobin kisa, su biyo maikrotubul su zube a daidai inda aktin ya buɗe ƙofa. Bayan zubarwa aktin ya sake rufe wurin.

DOCK8 ya cancanci ambato, GEF ne na Cdc42, an bayyana cutar rashinsa a 2009. Limfosait marasa shi suna jin kira, suna kuma tafiya, amma a cikin nama mai matsi irin fata sai su miƙe su yi tsawo har su tsattsage su mutu. Shi ya sa masu cutar ke fama da ƙurajen bairos a fata da ba sa jin magani. Sai an gaji gurɓatacciyar ƙwayar gadon daga uwa da uba duka, don haka an fi ganinta a gidajen da auren zumunci ya yawaita.

Ƙwayoyin cuta sun san darajar waɗannan makunnai. Salmonela tana cusa SopE, wanda ke kwaikwayon GEF ya kunna Rac da Cdc42 don ƙwayar hanji ta haɗiye ta, sannan ta cusa SptP mai kwaikwayon GAP ya mai da komai yadda yake. Shigela tana ɗauko N-WASP na mai gida da IcsA ta gina wutsiyar aktin tana tura kanta. Yasiniya tana kashe makunnan makrofej da YopE da YopT. Jiki kuma yana da mai gadi: muddin RhoA yana aiki, PKN yana sa fosfet a kan wani furotin mai suna fairin, fairin ya zauna shiru, da zarar guba ta kashe RhoA, fairin ya tashi ya haddasa kumburi.

In za ka gwada a ɗakin gwaji, mafi sauƙi shi ne auna aktin mai zare da faloidin, gubar wata lemar kwaɗi da ake haɗa wa rini. Ka ajiye nutrofil a ruwan gishirin da ke da kalsiyam da magniziyam a digiri 37, ka zuba fMLF nanomola 100, ka tsayar da samfur a daƙiƙa 0, 10, 30, 60 da 300 da farafomaldihaid kashi 4, ka huda fatar da Triton X-100 kashi 0.1, sannan ka rina. Ya kamata haske ya hau kusan ninki biyu cikin daƙiƙa 30 na farko ya fara sauka. Wanda ya fara aunawa a minti biyar ya riga ya makara. Kada ka daskarar da metanol, yana lalata wurin da faloidin ke kamawa. Idan samfurin daƙiƙa 0 ya riga ya yi haske sosai, ƙwayoyin sun farka tun wurin tacewa: girgiza, ko sauyin sanyi da zafi, ko gubar bakteriya a cikin ruwan aiki. Ka yi amfani da su cikin 'yan awanni bayan ɗibar jini. In babu jini sabo, ƙwayoyin HL-60 na ɗakin gwaji da aka reno da DMSO kashi 1.3 na kwana biyar zuwa shida suna yin aikin.

Don gwajin tafiya, rariya mai kafofin maikromita 3 ta dace da nutrofil, ta 5 ta dace da limfosait. Yawan fMLF tsakanin nanomola 10 da 100 ne ke jan su. In ka kai maikromola 1, masu karɓar saƙon sun cika ta ko'ina, ƙwayar ba ta ganin bambanci, tafiya ta ragu. Ka ware rami guda a farantin gwajin mai sinadari daidai a sama da ƙasan rariyar, don ka raba bin saƙo da yawo kawai.

Auna makunnan kansu ya fi wuya. Ana kamo Rac da Cdc42 masu GTP da guntun PAK, RhoA kuma da guntun rotekin. GAP ba sa daina aiki don ka fasa ƙwaya, saboda haka komai a kan ƙanƙara za a yi, cikin sauri, da magniziyam kulorayid milimola 10 a ruwan fasawa. Kada EDTA ya shiga, yana ɗauke magniziyam ɗin da ke riƙe GTP a wurinsa. Nutrofil cike yake da inzayim masu narkar da furotin, sai ka ƙara masu hana su fiye da yadda ka saba. Kuma wannan gwajin jimillar ƙwaya yake ba ka: Rac na iya ninkuwa a gaba ya ragu a baya, sakamakon ya fito kamar ba abin da ya canja. In wurin kake son gani, sai madubin ƙara girma da ƙwaya mai rai. A nan ka kiyayi bilebistatin, mai danne mayosin, domin shuɗin haske yana lalata shi kuma ya mai da shi guba ga ƙwayar, ga SMIFH2 da ake sayarwa a matsayin mai danne formin shi ma yana taɓa mayosin, don haka duk abin da ya nuna maka sai ka tabbatar da shi ta hanyar rage furotin ɗin kansa.